TAFINTA NA CIKIN GIDA: FASSARAR DA BA TA TONA ASIRIN MAI KARATU

Tsofaffin ƙasar nan ba su manta da zamanin tafinta ba. Lokacin mulkin mallaka, talakan da ya zo gaban kumandan ba ya da baki sai bakin tafinta, ba ya da kunne sai kunnen tafinta. Abin da tafinta ya ga dama shi ke isa wurin Bature, abin da ya ga dama kuma shi ke dawowa wurin mai ƙara. Marubucin nan na ƙasar Mali, Amadu Hampate Ba, ya wallafa littafi guda cikin shekarar 1973 a kan rayuwar wani tafinta mai suna Wangrin, inda ya nuna yadda mutumin da ke tsaye tsakanin harsuna biyu ke iya samun ƙarfin da ya fi na wanda ya ɗauke shi aiki. Bayan tafinta kuma akwai mai rubuta wasiƙa, wanda ke zaune a ƙofar gidan waya da tebur da alƙalami. Wanga mutum ya san wanda ake bi bashi, ya san matar da mijinta ya daina aiko mata kuɗi daga Abijan, ya san gidan da rikicin gado ya raba. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga ajin yaƙi da jahilci sun shiga ne don su huta da kai cikinsu wurin wani.

To, ga shi yau tafinta ya dawo da sabuwar riga. Ya shiga cikin salula da kwamfuta, ba ya karɓar ko tamma, ba ya gajiya, ba ya barci. Sai dai tambayar da kakanni suka yi tana nan daram: wanda ke fassara maganar mutum, wa yake yi wa aiki, kuma ina yake kai abin da ya ji?

YADDA FASSARAR NESA KE TAFIYA

Mabuɗin shafuka, wanda masana ke kira burauza, shi ne abin da ake buɗe shafukan intanet da shi, kamar Chrome ko Firefox ko Safari. Kamfanin Google na Amurka ya buɗe aikinsa na fassara cikin shekarar 2006, ya sanya shi cikin Chrome a 2010, kuma ya ƙara Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a watan Disamba na 2013. Wanga aiki ya amfani jama'a ƙwarai, kuma rashin adalci ne a musanta haka. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke son karanta shafin mai sayar da kaya na ƙasar Sin, ko ɗalibin da ya iya Faransanci amma littafin da yake nema da Ingilishi aka rubuta shi, duk sun samu ƙofa.

Amma ya kamata kowa ya san hanyar da maganar ke bi. Idan mai karatu ya latsa wurin fassara, rubutun da ke cikin shafin yana fita daga na'urarsa, ya bi rezo, ya ƙetare teku, ya isa manyan kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa. Can ake juya shi zuwa harshen da aka nema, sannan a maido shi. Duk wagga tafiya ba ta wuce ƙiftawar ido, shi ya sa mutane ba su lura da ita. Idan shafin labarin wasan ƙwallo ne, ba a yi asarar kome ba. Idan kuwa shafin wasiƙa ce da ke cikin akwatin mutum, ko sakamakon awon jini daga asibiti, ko lissafin banki, ko dosiyen ma'aikatar gwamnati, to wani na uku ya riga ya gani, ko da kuwa na'ura ce ta gani ba ɗan Adam ba. Daga nan mai rubutun ba ya da sauran iko. Abin da ya rage masa shi ne ya dogara da alkawarin kamfani, da dokokin ƙasar da kwamfutocin suke.

Kada a ce wanga tsoro ne na banza. Cikin watan Satumba na 2017, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Norwe, NRK, ya bayyana cewa wasu takardun kamfanin man fetur na ƙasar, Statoil, wanda yau ake kira Equinor, sun bazu a intanet. Ma'aikata ne suka zuba su cikin wani shafin fassara na kyauta mai suna Translate.com, shafin ya ajiye su, har ta kai duk wanda ya yi bincike yana iya cin karo da su. A ciki har da yarjejeniyoyi da takardun sallamar ma'aikata. Ba ɓarawo ya fasa buro ba, ba ɗan leƙen asiri aka aiko ba. Ma'aikatan da kansu suka miƙa takardun, don suna sauri kuma ba su san hanyar da rubutu ke bi ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

ABIN DA TURAWA SUKA YI

Ƙasashen Tarayyar Turai suna da harsunan hukuma 24, saboda haka fassara a wurinsu abincin kullum ce. Suna kuma da dokar kare bayanan mutum wadda ta fara aiki ranar 25 ga watan Mayu na 2018. Waɗanga abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifi wani shiri mai suna Bergamot, wanda ya tashi a farkon shekarar 2019 da kuɗin Tarayyar, kimanin Yuro miliyan 3, wato kusan miliyar 2 na sefa. Jami'ar Edinbara ta ƙasar Birtaniya ce ta ja gaba, tare da jami'ar Shefil, da jami'ar Charles ta birnin Prag, da jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya, da kuma Mozilla, masu burauzar Firefox. Manufarsu guda ce: a ɗauko tafinta daga can nesa, a zaunar da shi cikin na'urar mai karatu.

Cikin shekarar 2022 suka fitar da shi a matsayin ƙari wanda mutum ke ɗorawa da kansa. A watan Satumba na 2023 aka gina shi cikin Firefox ɗin kanta, a fitowa ta 118, da harsuna 9: Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci, Italiyanci, Fotugis, da harsunan Holan, Polan da Bulgariya. A 2024 aka ƙara damar fassara ɗan yankin da mutum ya zaɓa cikin shafi, aka kuma kai aikin ga salula masu Android. A farkon 2025 harsunan Sin, Japan da Koriya suka shiga.

Yaya aka yi tafinta ya shiga cikin ƙaramar na'ura, alhali a da sai ɗaki cike da kwamfutoci? Dabarar ta yi kama da ta malami da almajiri, kuma haka masanan da kansu ke kiranta. Da farko ana horar da babbar ƙwaƙwalwa, wato malamin, da miliyoyin jimloli waɗanda mutane suka riga suka fassara, kowace jimla da ƴar uwarta a ɗaya harshen. Malamin ya ƙware, amma ya yi nauyi, ba ya ɗaukuwa. Sai a sa shi ya fassara rubutu mai tarin yawa, a ba ƙaramar ƙwaƙwalwa ta koya daga aikinsa. Almajirin ba ya kai malami sani, amma yana kusa, kuma nauyinsa bai wuce ƴan gomman megabait ba, wato kamar gajeren bidiyo guda. Ana ƙara rage masa nauyi ta hanyar taƙaita lambobin da yake lissafi da su. Injin da ke tuƙa shi sunansa Marian, don tunawa da Marian Rejewski, masanin lissafi ɗan ƙasar Polan wanda ya warware asirin na'urar Enigma ta sojojin Jamus cikin shekarar 1932.

Ga mai karatu, abin da ke faruwa shi ne: ranar farko burauza tana sauko da kundin harshen da ake buƙata, ta ajiye shi. Daga ranar, duk fassarar da za a yi cikin na'urar ake yin ta, rubutu ba ya fita. Kuma ba sai an ɗauki maganar kamfani ba, kowa yana iya gwadawa. A buɗe shafi, a kashe rezo, sannan a latsa wurin fassara. Idan aikin ya gudana, to tafinta yana cikin gida. Bugu da ƙari, rubutun shirin a buɗe yake ga duk masanin da ke son ya duba cikinsa.

DALILAN GOYON BAYA

Dalili na farko shi ne mutunci. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin da ke neman bayani a kan cutar da yake jin kunyar faɗa, ko matar da ke karanta dokar saki da riƙon yara, suna da haƙƙin su fahimci abin da ke gabansu ba tare da sun bar sawu a ƙasar da ba su taɓa gani ba. Bai dace a ce rashin jin wani harshe ya zama harajin da ake biya da asiri ba. Wanda aka haifa cikin Ingilishi yana karanta babban kaso na intanet shi kaɗai cikin ɗakinsa. Wanda ba ya ji kuwa sai ya kira na uku. Fassarar cikin na'ura tana daidaita waɗanga mutane biyu.

Dalili na biyu ya shafi ma'aikatan hukuma. Sakatare ko shugaban buro wanda aka damƙa wa takardar yarjejeniya da Ingilishi, aka ce ana son ta gobe da safe, yana cikin jarraba babba, domin shafin fassara na kyauta yana nan kusa da yatsarsa. Amma takardar ba tasa ba ce. Amanar ƙasa ce, ko amanar talakan da sunansa ke ciki. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum tun watan Mayu na 2017, ta kuma kafa babbar hukuma mai kula da wanga aiki, wato HAPDP. Tarayyar Afirka ma ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014, wadda ta fara aiki a 2023. Doka dai tana kan takarda, amma ma'aikacin da ba a ba shi wata hanya ba zai ci gaba da bin hanyar da ya sani. Hani kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da kayan aiki.

Dalili na uku shi ne rezo da kuɗinsa. Wanda ke zaune inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa ya san zafin aikin da ya tsaya tsakiya. Kundin da aka sauko da shi sau ɗaya yana nan ko rezo ya yi rauni, kuma ba ya cin kiredi a kowace jimla.

Dalili na huɗu shi ne dogaro da kai. Aikin da kamfani ke bayarwa kyauta yau, yana iya sa masa kuɗi gobe, ko ya canza sharuɗɗansa, ko ya rufe shi ga wata ƙasa saboda rikicin siyasa. Abin da ke cikin na'urar mutum ba a ƙwace shi daga nesa da sauƙi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA MASU SUKA KE FAƊI

Masu suka suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce almajiri bai kai malami ba, fassarar manyan kamfanoni ta fi santsi, musamman a rubutu mai wuya. Wanga gaskiya ne a lokuta da dama. Amma mai karanta labari ko umarnin amfani da kaya ma'ana yake nema, kuma ita yana samu. Inda kuskure ke iya kashe rai ko ya ɗaure mutum, kamar yawan maganin da za a sha ko sharaɗin yarjejeniya, babu na'urar da za a sakar wa aiki, ta nesa ce ko ta gida. Nan wurin ƙwararren mai fassara ne, wanda ke sa hannu kuma ake iya tuhumarsa.

Sun ce kuma tsohuwar salula mai ƙaramin ciki tana wahala da wanga aiki, tana zafi, batirinta yana saurin ƙarewa. Wanga ma gaskiya ne, shi ya sa amfanin zai fara ne daga kwamfutocin ma'aikatu, lakwal-lakwal da asibitoci, inda daman asirin ya fi yawa.

Akwai kuma gargaɗin da ya wajaba a yi wa jama'a. Fassarar cikin na'ura ba laya ba ce. Tana hana rubutu zuwa wurin kamfanin fassara, amma mai shafin ya san an ziyarce shi, kamfanin rezo ma ya san gidan da aka nufa. Ƙofa ɗaya ce aka rufe cikin ƙofofi da yawa. Duk da haka rufe ta ya fi barin ta buɗe.

INA HAUSA?

Suka mafi nauyi ga masu karanta wanga shafi ita ce wagga: cikin harsunan da aka lissafa a sama babu Hausa, babu Zabarmanci, babu Fulatanci, babu Barbarci, babu Buzanci. Ma'aikacin da ya yi lakwal zai iya amfana tun yau, ya juya Ingilishi ko Jamusanci zuwa Faransanci cikin kwamfutarsa. Amma wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, wanda Hausa kaɗai yake karantawa, har yanzu idan shafi yake son fassarawa cikin burauza, hanyar nesa ce a gabansa. An bar shi da zaɓi tsakanin fahimta da rufin asiri, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar fassara.

Laifin wa ne? Ba yawan jama'a ake dubawa ba. Mutanen Estoniya ba su kai miliyan 2 ba, amma harshensu ya samu kundinsa, domin jami'arsu ta zauna a teburin tun ranar farko kuma suna da rubutu mai yawa da aka riga aka fassara. Masu jin Hausa sun haura miliyan 50 nesa ba kusa ba, amma abin da malamin nan ke ci shi ne jimloli biyu-biyu, rubutattu, tsabtatattu, waɗanda doka ta yarda a yi aiki da su. A nan Hausa ke da ƙaranci. Harshen kasuwa ne, harshen rediyo ne, amma maganar da ta tashi a iska ba ta horar da na'ura.

Ba a ce ba a fara kome ba. Ƙungiyar Masakhane ta masana ƴan Afirka tana aikin fassarar harsunan nahiyar tun 2019. Gasar fassarar na'ura ta duniya ta sa Hausa da Ingilishi cikin jarrabawarta a 2021. Kamfanin Meta ya fitar da wata ƙwaƙwalwa mai harsuna 200 a 2022, har da Hausa. Sai dai kusan duk waɗanga ayyuka Ingilishi suka sa a tsakiya. Ita ma Firefox, idan za ta juya Faransanci zuwa Sifaniyanci, sai ta bi ta Ingilishi tukuna. Ga ɗan Nijar wanga zagaye ne mai haɗari, domin takardunsa da Faransanci suke, kuma saƙon da ya bi ta bakin tafinta biyu yakan iso da rauni. Kalmar hukuma irin ta Faransanci, wadda ta tsallaka Ingilishi sannan ta faɗo cikin Hausar Kano, tana iya isowa Tawa ko Damagaram da ma'anar da ba a nufa ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ma'anar haka ita ce fassara tsakanin harsunan nan uku za ta ƙaru a kowace ma'aikata. Idan ba a yi tanadi ba, takardun ƙasa za su riƙa kwana a kwamfutocin ƙetare kowace rana.

Na farko, kowace ma'aikata ta ba ma'aikatanta umarni a rubuce: takardar da ke ɗauke da sunan mutum, ko lafiyarsa, ko dukiyarsa, ko asirin hukuma, ba ta shiga shafin fassarar nesa. A ɗora masu fassarar cikin na'ura, a nuna masu yadda ake aiki da ita.

Na biyu, a buɗe akwatuna. Tun shekarun 1960 ma'aikatar yaƙi da jahilci take buga littattafai da jaridun karkara, lakwal-lakwal na gwaji sun fara koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, gidan rediyo yana fassara labaru kullum, likitoci da malaman gona suna da takardun wayar da kai cikin harsuna biyu. Wanga duka dukiya ce da gara ke ci. A tattara ta, a buga ta cikin kwamfuta, a cire sunayen mutane, a jera kowace jimlar Faransanci da ƴar uwarta ta Hausa, sannan a sake ta ga masu bincike ba tare da shinge ba.

Na uku, jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'o'in jihohi su haɗa kai da takwarorinsu na Kano, Zariya da Sakkwato. Kayan horarwar da Mozilla ta yi amfani da su a buɗe suke, kowa na iya ɗauka. Abin nema shi ne kundin da ke tafiya kai tsaye tsakanin Faransanci da Hausa, kuma a yi irinsa ga sauran harsunan ƙasa, don kada a maimaita wa wasu abin da aka yi wa Hausa.

Na huɗu ya rataya a wuyan kowane mai rubutu. Taron Bamako na 1966 ya shimfiɗa ƙa'idar rubuta Hausa da boko, Nijar kuma ta tabbatar da tata a 1999. Wanda ya rubuta ƙasa ba ƙugiya ya mai da ita kasa, wanda ya rubuta ɗaki ba ƙugiya ya mai da shi daki, ya koya wa na'ura kuskure, ita kuwa za ta maimaita shi sau dubu. Waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci sun fi ƴan boko da yawa kiyaye waɗanga haruffa, saboda haka kada su raina hannunsu cikin wanga aiki.

Kakanni sun koyi karatu don su daina kai wasiƙarsu ƙofar gidan waya a karanta masu. Bai kamata jikoki su koma aika tasu ƙetaren teku ba, alhali an nuna cewa tafinta yana iya zama cikin gida. Turawa sun yi wa harsunansu aikin cikin shekaru 4 da kuɗin da bai fi ƙarfin ƙasa ba. Na Hausa yana jiran masu ita.